Amsa kan in, on, at da sauran kalmomin nuna wuri a Turanci

Wannan rubutun an ɗauko shi ne daga muryoyin da malamai biyu suka turo a zauren WhatsApp na masu shirin jarrabawar Turanci. Tambayar wata ɗaliba ce mai shirin WAEC. Ta ce: "Malam, don Allah me ya sa ake cewa in the car amma on the bus, alhali duka mota ce? Sannan na rubuta the bank is in front of our house aka ja min jan biro, kuma bankin yana tsallaken titi ne yana kallon gidanmu. Ina kuskuren yake?"

Murya ta farko

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'ar zaure, barkanmu da yamma. To, ƙanwata, na ji tambayarki, kuma na san ba ke kaɗai abin ke damu ba, shi ya sa zan amsa a nan kowa ya ji. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo. Wanda datarsa ta yi ƙasa ya bari sai dare.

Tushen ruɗanin ga shi. Mu a Hausa muna da ƙaramar kalma guda, "a", ita ke ɗaukar kusan komai: a gida, a kasuwa, a Kano, a bango, a mota, a waya. In muna son ƙarin bayani sai mu ɗauko sassan jiki mu ƙara, mu ce a kan tebur, a cikin ɗaki, a bakin ƙofa, a gindin bishiya, a bayan gida. To wannan "a" ɗin guda ɗaya, Bature ya raba ta uku: in, on, at. Kuma abin da yake dubawa kafin ya zaɓa shi ne siffar wurin. Wurin ya kewaye abin ne? Ko abin yana taɓa fuskar wurin ne? Ko kuwa wurin alama ce kawai, ɗigo ne a taswira? Duk wanda ya bar waɗannan tambayoyin ya koma fassara daga Hausa kalma da kalma, zai ci rabi ya faɗi rabi, kuma ba zai san dalili ba.

In wurin ya kewaye abin, in ce. In the room, in the bag, in my pocket, in the well. Ba lallai sai da bango da rufi ba, ya isa a ce wurin yana da iyaka kina cikinta. Shi ya sa gari da jiha da ƙasa duk in ne: in Fagge, in Kano, in Nigeria. In the field, in the garden, in the sky, in the water. Wannan ba ta cika ba mu wahala ba, don ta yi daidai da "cikin" tamu.

On ce mai cin mutane. An koya mana a firamare cewa on tana nufin "a kan", sai muka ɗauka dole abu ya kasance a sama. A'a. On tana nufin taɓa fuska, ko fuskar tana kwance, ko tana tsaye, ko ma tana kife. Littafi on the table. Agogo on the wall, wanda mu za mu ce a jikin bango. Ƙadangare on the ceiling, ga shi a ƙarƙashin silin ɗin yake amma on ce, saboda ya manne da shi. Tabo on your shirt, zobe on her finger, ƙuda on his face. Kun ga babu ko ɗaya da Bahaushe zai ce "a kan" kai tsaye sai na tebur.

Akwai aiki na biyu da on ke yi, wanda littattafai da yawa ke tsallakewa: duk abin da ya miƙe kamar layi, titi ne, kogi ne, gaɓar teku ce, iyakar ƙasa ce, on ake sa masa. Makurdi is on the River Benue. Niamey is on the River Niger. Lagos is on the coast. Illela is on the border. In kika ce Makurdi is in the River Benue, kin nutsar da garin gaba ɗaya.

At kuma ba ruwanta da ciki ko waje. Wuri take nunawa a matsayin matsaya, inda za a ce "mu haɗu a can". At the gate, at the junction, at the roundabout, at the bus stop, at the door. Lokoja is at the confluence of the Niger and the Benue, domin mahaɗar koguna biyu ɗigo ce, ba layi ba ce. Sannan ita ake amfani da ita in ana maganar abin da ake yi a wurin ba ginin ba: at school, at work, at the mosque, at a wedding. Ku lura da wannan da kyau. In wani ya kira ki kika ce I am at the bank, kin gaya masa inda kike ne kawai, ƙila kina layin ATM a waje. In kika ce I am in the bank, to kina cikin ginin, kin wuce ƙofar. Duka daidai ne, saƙon ne daban. Haka at the table da on the table. Mai cin abinci yana at the table. Wanda yake on the table ya hau ne ya zauna daram, sai a ce masa ya sauko.

Adireshi kuwa kamar mazurari yake, daga faɗi zuwa tsukakke. Gari in, titi on, lambar gida at. I live in Zaria. I live on Station Road. I live at 7 Station Road. Da zarar lamba ta shigo, at ta karɓe. Za ku ci karo da in the street ko in Station Road a rubutun mutanen Ingila, wannan ma daidai ne, kada ku ce marubucin ya yi kuskure.

Yanzu mota, wadda ita ce ainihin tambayarki. Ƙa'idar da ke aiki ita ce: abin hawan da aka yi shi babba, wanda mutum zai taka ya shiga, ya miƙe tsaye, ya yi tafiya a ciki, on ne. On the bus, on the train, on the plane, on the ship. Wanda kuma sai kin sunkuya kin shiga kin zauna, ba damar miƙewa, in ne. In the car, in a taxi, haka adaidaita sahu, haka ƙaramin kwalekwale, in a canoe. Wanda ake hawa a raba ƙafa kuma on ne, wannan a fili yake: on a motorcycle, on a bicycle, on a horse, on a donkey, on a camel. Na san wani zai ce, Malam, ai bas ɗinmu na haya mai cin mutum goma sha takwas ko yaro ba ya iya miƙewa a ciki. Gaskiya ne. Amma harshen ya riga ya ba kalmar bus on, bai zo tasha ya auna rufin ba. A jarrabawa on the bus za ku zaɓa.

Kuma kalmar aikin tana bin wannan rabon. Wanda yake on, hawansa get on, saukarsa get off. Wanda yake in, get in ko get into, fitarsa get out of. In kuma hanyar tafiya ake faɗa, by ce ba tare da the ko a ba: by bus, by car, by air. A ƙafa kuwa on foot. By leg ɗin nan da ake ji a bakin mutane, ku bar shi a titi.

Bari in tsaya nan, sai in turo ta biyu.

Murya ta biyu

Yauwa. Maganar banki. Malaminki ya yi daidai da ya ja biro, ƙanwata, ki yi haƙuri. In front of tana nufin abin yana gabanki a ɓangare ɗaya da ke, ba abin da ya raba ku. Motar da aka ajiye a ƙofar gida, the car is in front of the house. Amma in akwai titi a tsakani, ko tebur, ko fili, kuna kallon juna, kalmar ita ce opposite. The bank is opposite our house. Ba a sa mata to a baya, ba a sa mata of. Opposite of wani abu ne daban, kishiyar ma'ana ce, kamar hot is the opposite of cold. Mutanen Amurka sun fi cewa across from, ma'ana ɗaya ce.

Ki gwada da aji. Wadda ke zaune a bencin gabanki kina ganin ƙeyarta, she is in front of you. Wadda kuke cin abinci tare tana ɗaya ɓangaren tebur kuna haɗa ido, she is opposite you. Ƙeya ko fuska, da wannan za ki riƙa bambancewa.

Tunda mun shigo nan, akwai abubuwa guda uku da suka zama ruwan dare a Turancin Najeriya, waɗanda masu maki ba sa yafewa. In my front. At my back. Wannan Hausa ce zalla aka sa wa rigar Turanci, "a gabana", "a bayana". Abin da za ku ce shi ne in front of me da behind me. Na ukun adjacent. A nan mutane da yawa suna amfani da ita in suna nufin gini yana can tsallake a karkace. Ma'anarta ta gaskiya maƙwabtaka ce, bango da bango, daidai da next to, kuma tana tafiya da to: adjacent to the mosque. In tsallake a karkace kike nufi, diagonally opposite ake cewa.

Sai wata 'yar ƙaramar the da ke juya magana. In front of the car daban, in the front of the car daban. Direba yana in the front of the car, wato yana ciki, a kujerar gaba. Akuyar da ta tare hanya tana in front of the car, a waje, ana mata hon. Baya ma haka, kuma nan sai an haddace domin uku ne: at the back of the class, ɗalibin da ke can ƙarshen aji, in the back of the car, fasinjan kujerar baya, on the back of the envelope, rubutun da ke bayan ambulan. Ku duba za ku ga ƙa'idar farko ce dai ke aiki, matsaya, ciki, fuska. Behind the class kuwa ya fita daga ajin ke nan, yana bayan ginin.

Kusurwa ma haka. Tsintsiya tana in the corner of the room, domin bango biyu sun kewaye ta. Mai shayi yana on the corner ko at the corner of the street, domin kwanar titi a waje take.

Kusa. Next to da beside, gefe da gefe, ba komai a tsakani. Near kusa ne kawai, ko da akwai gidaje biyar a tsakani. By tana tsakaninsu, kamar by the window, by the river. Close tana buƙatar to, close to the market, amma near ba ta buƙata, near the market ya isa. Ku kiyayi besides mai s a ƙarshe. Wannan ba wuri take nunawa ba, ma'anarta "ban da haka" ko "ƙari a kan". Sit beside me daidai. Sit besides me kuskure, kuma masu shirya tambayoyi suna son wannan tarkon ƙwarai.

Between da among. An koya mana between na biyu ne, among na uku zuwa sama. Wannan rabin gaskiya ce. Zaria is between Kano and Kaduna, to, biyu. Amma ko abubuwa nawa ne, muddin kowanne a rarrabe yake ana kiran sunansa, between ce. Nijar tana iyaka da ƙasashe 7, kuma za ki ce Niger lies between Nigeria, Benin, Burkina Faso, Mali, Algeria, Libya and Chad. Among kuwa ta taro ce da ba a rarrabe ba, among the trees, among the crowd. Kuma between you and me ake cewa, ba between you and I ba, komai daɗin ta biyun a kunne.

Sama da ƙasa. On ta taɓa. Above da over ba su taɓa ba. Fanka tana above the bed ko over the bed, duka sun yi. Inda suka rabu: in abin ya lulluɓe, ko ya ƙetare daga wannan gefe zuwa wancan, over ce kawai. A blanket over the child. A bridge over the river. In kuma awo ake yi a kan ma'auni, above ce kawai. Jos is about 1,200 metres above sea level, ba wanda ke cewa over sea level. Ƙasa ma haka: under kishiyar over, below kishiyar above. Under the bed, under the bridge, amma below sea level, below zero, sign below the line.

Gindin bishiya under the tree ne. Tsuntsun da ke cikin rassa in the tree, mangwaron da ke rataye on the tree. Rana da ruwan sama kuwa, nan Hausa ta fi taimakon ku in kun bi ta, domin mu ma "cikin rana" muke cewa, "cikin ruwa". In the sun, in the rain, in the shade. Standing under the rain da ake yawan ji, ba haka masu harshen ke faɗa ba.

A WAEC takardar zaɓi-ka-cika tana da tambaya 80, rabinsu kan ginin jimla ne, a nan waɗannan ƙananan kalmomin ke ɓuya. A JAMB kuma Turanci tambaya 60 ne. Ba sa zuwa da yawa, amma maki ne na araha, bai kamata a bar shi a ƙasa ba. Malama tana zaure, ita ce gwanar taswira, don Allah Malama ki ƙarasa mana wannan ɓangaren.

Murya ta uku, daga Malama

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, Malam, Allah ya saka da alheri. Zan ƙara kaɗan ne, musamman don masu shirin IELTS, wato jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasar waje, amma 'yan WAEC ma ku saurara.

Arewa da kudu tukuna. In the north of, abin yana cikin wurin. To the north of, yana wajensa. Katsina is in the north of Nigeria, domin Katsina Najeriya ce. Niger is to the north of Nigeria, domin wata ƙasa ce. Zinder is to the north of Kano, ko ki jefar da to the ki ce Zinder is north of Kano, duka sun yi. In kika rubuta Cameroon is in the east of Nigeria, kin mayar da Kamaru jiha. A rubutun IELTS na farko, wanda ake son aƙalla kalma 150 cikin kamar minti 20, wani lokaci taswira biyu ake bayarwa a ce ki bayyana yadda gari ya canza. Wannan kuskuren guda ɗaya zai iya maimaituwa a kowace jimla, mai maki kuma yana gani.

A hoto ko takarda: at the top, at the bottom, in the middle, on the left, on the right, in the top right-hand corner. Ku riƙe su haka a dunƙule, kada ku tsaya neman dalili a ɗakin jarrabawa. On the left yana ɓangaren hagu ne gaba ɗaya. To the left of the door yana hagu da ƙofar, an auna shi da wani abu.

A sashen sauraro na IELTS, sau ɗaya tak ake kunna muryar. In taswira ce, kafin a fara magana ki nemo wurin da aka nuna kina tsaye, yawanci ƙofar shiga, ki ɗora yatsanki a kai, ki riƙa tafiya da shi yadda mai magana ke faɗa. Hagu da dama na mai tafiyar ne, ba na takardar ba. In hanyar ta juyo tana gangarowa ƙasan takarda, hagunsa ya koma damanki, a nan mutane ke ɓata. Kalmomin da za ki kasa wa kunne: past, wato ki wuce shi, ba shi ba ne, just before, kafin ki kai, at the end of the corridor, ƙarshen baranda, the second door on your right, just beyond, gaba da shi kaɗan. Mai maganar yakan ambaci wurare biyu ko uku kafin ya kai wanda ake nema, don haka kada ki rubuta na farkon da kika ji.

Bene. On ake sa wa hawa, on the second floor. Amma lissafin ya bambanta. A Ingila, kuma shi muke bi a Najeriya, ƙasa ground floor ne, hawa na farko da kika taka matattakala shi ne first floor. A Amurka ƙasan shi ne first floor. Wanda aka ba shi adireshin ofis a can sai ya rage ɗaya daga lambar da aka ba shi, ya samu lissafin da ya saba.

Ga waɗansu da ba sa bin hankalinmu, sai haddar. In the picture, ba on ba, duk da cewa hoto a shimfiɗe yake. In the mirror. In the newspaper, in the book, amma on page 12. On the screen, on the radio, on television, on the phone, on WhatsApp, amma in the group. On the farm, amma in the field. In a queue. Mara lafiya da aka kwantar he is in hospital a Turancin Ingila, babu the; mai dubiya kuma he is at the hospital. In bed ya kwanta ya ja bargo, on the bed kuwa kaya ne aka zube, ko mutum ya zauna a kai.

Waɗansu kalmomin kuma ba sa son komai a gabansu: upstairs, downstairs, abroad, here, there, outside. She lives abroad, ba in abroad ba. He is upstairs, ba at upstairs ba. Home tana ɗaukar at in ana zaune, at home, amma in tafiya ce go home kawai, babu to. Arrive kuma ba ta tafiya da to ko kaɗan: arrive in Sokoto don gari ne, arrive at the motor park don matsaya ce.

Aikin gida. Kowa ya tsaya a ƙofar ɗakinsa ya rubuta jimla 10 kan abin da idonsa ke gani, kada ya maimaita kalmar wuri ɗaya fiye da sau biyu. Sannan jimla 5 na kwatancen hanya daga bakin titi zuwa masallaci mafi kusa, dole opposite da next to da past su fito a ciki. A rubuce za ku turo, ba murya ba, domin a murya in da on suna haɗiyewa ba a jin wadda mutum ya faɗa. Zuwa bayan isha'in gobe, ni da Malam za mu raba mu duba.